Ɗakin Hasina Kafin Juma'a

Salamu alaikum. Na karanta abin da kuka rubuta a ƙarƙashin kashin da ya wuce, har da mai cewa in ji tsoron Allah in yi aure, da mai cewa na cika baƙin rai. Ta biyun ta fi kusa da gaskiya. Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Ɗayyabu, shekarata hamsin da takwas, na koyar da labarin ƙasa shekara talatin da ɗaya, yanzu ina zaune a ƙauyenmu na bakin kogi, kudu da Suki, ina kaɗe wa tsofaffin littattafai ƙura. Matata Hasina ta rasu shekara biyu da suka wuce, a watannin da hanyoyi suke rufe saboda yaƙi. 'Yarmu ɗaya ce, Ruqaya, tana aure a Jidda. Ba ta ga jinya ba, ba ta ga makara ba. Sai bayan kwana huɗu da binnewa aka samu layi aka gaya mata.

Ɗakin Hasina na kulle shi yadda ta bar shi. Angarib biyu, wato gadon igiya, ɗaya da gidan sauro a naɗe a sama. Keken ɗinkinta a gindin taga, da rigar wata yarinya da ba ta gama ba, allura na cikin hannun rigar. Dolab, wato kabad, mai dogon madubi, da tob-tob ɗinta, mayafan da take lulluɓa da su, a ninke a ciki. Fatrina mai ƙofar gilashi, cike da kofunan da ba ta yarda kowa ya sha shayi da su ba. Kaskon turare, kwalaben humra, da silifas ɗinta a bakin gado, ɗaya ya hau kan ɗaya. Kowace safiya nakan buɗe in share ƙasa in kulle. Ban taɓa raba silifas ɗin ba.

Ranar Litinin da hantsi yayata Maijidda ta shigo ba sallama, cikin koren tob, ta jawo kujera ta zauna kamar wadda ta zo karɓar gidan.

"Ɗayyabu, Juma'a in an sauko masallaci mata za su zo su fidda kaya. Khalas."

"Wa ya ce?"

"Liman ya ce, 'yan'uwan Hasina sun ce. Tsohuwarta na nan da rai, shekara tamanin, tana jiran tob guda na ɗiyarta ta shaƙa. Kai da kaka karatu, a wane littafi anka ce miji ya kulle gado shi ɗai?"

Babu littafin. Na san babu, domin na duba. Ban san ko kun taɓa yin fushi da mutum saboda yana da gaskiya ba. Ya fi kowane fushi daɗewa.

"In an fidda kaya a yi wa ɗakin fenti," in ji ta. "Sabah ba ta shiga ɗakin da…"

"Yaya, ban ce zan auri kowa ba."

"Ba ka ce ba, mu munka ce. Dubi wuyan rigarka."

Sabah ita ce matar da yayata ta zaɓo mini tun azumi. Shekararta arba'in da ɗaya, mijinta ya rasu, tana da shagon ɗaukar hoton biki a Hasahisa kafin a watse, yanzu tana zaune a gidan kawunta a bayan masallacinmu. Sau biyu aka shirya in je in gaishe ta, sau biyu ciwon baya ya kama ni. Ruqaya ba ta san da wannan magana ba. Na ce babu abin faɗa, tunda babu abin da zai faru.

Da la'asar na tafi shagon intanet na kasuwa, domin a nan kaɗai saƙo yake shiga. Na tarar da na Ruqaya.

"Baba, Gwaggo ta ce Juma'a. Ba na son kofi, ba na son tob. Ka ɗaukar mini ɗakin gaba ɗaya, irin hoton da ake juyawa da yatsa, in tsaya a tsakiya in kalli ko'ina. Kada a taɓa komai. Shi kaɗai nake roƙo."

Na rubuta mata: "An gama." Haka malamai muke, ba mu iya cewa ba mu sani ba.

Talata na tsaya a tsakiyar ɗaki da wayata, na miƙa hannu, na juya a hankali kamar yadda kibiyar allon take nunawa. Abin da ya fito, Allah ya kiyaye. Angarib ya yi ƙafa biyar. Tagar ta karye a tsakiya. Keken ɗinki ya rabu, kansa a nan, jikinsa a can. Na sake. Na sake da numfashi a riƙe. Na ɗaure wayar a jikin sanda. Sau tara na yi, na zaɓi mai dama-dama na tura.

"Baba, wannan ba ɗakin Yumma ba ne. Kamar an sare shi da adda."

Na zagi wayar, na zagi wanda ya ƙera ta, na zagi hanyar da ta hana yarinya zuwa jana'izar uwarta. Da na gama zagin, saura kwana uku, kuma a duk ƙauyen mutum ɗaya ne yake da kyamara ta gaske. Kun san ko wace ce.

Na gaya wa Maijidda ta kira mini ita. Gyara tob ɗinta kawai ta yi a ka, sannu a hankali, tana kallon sama. Da ta yi magana ma da ya fi sauƙi.

Sabah ta zo Laraba da la'asar. Tob ruwan toka, babu ado, babu lalle, takalmin roba, da jakar yadi a kafaɗa. Doguwa ce, ba ta sunkuyar da kai. Maijidda ta kafa kujerarta a ƙofar ɗaki da kwanon gyaɗa, wai ita ce shaida.

"Ustaz, kafin komai," in ji Sabah, Hausarta rabi Larabci, "ni ma ban aiki kowa ya nemo mini miji ba. Don Ruqaya na zo. Tamam?"

Na shirya wa kunya, na shirya wa kwarkwasa. Wannan ban shirya masa ba, kuma ya ba ni haushi fiye da duka biyun.

"Tamam," na ce. Na miƙa mata wayar.

Ta kalli hoton angarib mai ƙafa biyar, ba ta yi dariya ba. "Yaya ka ɗauka?"

Na nuna mata, hannu a miƙe, ina juyawa.

"To ai kai ka juya, ba kyamara ba. Ɗaga yatsanka. Rufe ido ɗaya. Daidaita yatsan da gefen taga. Yanzu juya kanka dama, kada ka motsa hannu."

Na juya. Yatsan ya bar gefen taga ya koma hagu.

"Yatsan ya motsa?"

"A'a."

"Tagar ta motsa?"

"A'a."

"Idonka ne ya canja wuri, domin wuyanka yana bayan idonka. Abin kusa sai ya goce daga abin nesa. Hoto na farko ya ce keke yana gaban taga, na biyu ya ce yana gefenta. In an zo haɗa su, wanne za a gaskata? Sai a sare keken. A fili, inda komai yake nesa, ba a lura. A ɗaki ƙarami kamar wannan, komai kusa ne."

Masu karatu, shekara talatin da ɗaya ina zana wannan abin a allo. Da shi ake auna nisan tauraro: a dube shi daga wannan gefen rana, a sake dubawa bayan wata shida, a auna yadda ya goce. Na bugi yara a kansa. Ga shi ya shigo ɗakin matata ya karya mata taga, ban gane shi ba, sai da mai hoton biki ta sa ni ɗaga yatsa.

"Na san wannan," na ce.

"Kwayyis, madalla. Da ka sani ka ɗauka sau tara?"

Daga ƙofa na ji Maijidda ta ƙware da gyaɗa.

Sabah ta fito da kyamarar. Ita kaɗai ta tsira da ita daga shagon, a cikin buhun gari ta ɓoye ta. Ta juyo mini gilashin gaba, wanda suke kira adasa, ta danna wani abu. "Leƙa ciki. Me ka gani?"

Can cikin gilashin akwai wata 'yar ƙofa mai haske, ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, kamar tana rataye a cikin ruwa.

"Wannan shi ne idon adasa. Daga nan take kallon duniya. In kyamara ta juya a kan wannan wurin daidai, babu abin da zai goce. Amma ramin da ake ɗaura ta a kan sandarta mai ƙafa uku yana can baya, ƙarƙashin jikinta. Wuyanta ke nan. Sai mun ja ta baya har idon ya hau kan inda ake juyawa."

"Nawa za a ja?"

"Ba a rubuta ba. Kowace adasa da nata. Nema ake yi."

Ƙarfen da ake yin wannan aikin da shi ya tafi da shagon. Ta zana abin da take so a bayan wata takarda: katako mai tsawon taƙi ɗaya, da rami a gaba, da doguwar tsaga a tsakiya inda ƙusa za ta riƙa zamewa. Na kai wa tsoho Abdulmuttalib kafinta. Ya juya takardar sama da ƙasa.

"Ustaz, wanga mi ne ne? Tarkon ɓera?"

"Ka yi kawai."

"An ce Sabah ta shiga gidanka yau."

"An ce kuma kai kafinta ne. Gobe da safe zan gani."

Alhamis da hantsi muka fito tsakar gida. Ta ce ba za a yi gwajin a ɗaki ba, kada a ture wani abu. Ta ɗaura katakon a kan mai ƙafa uku, ta ɗaura kyamara a kan katakon, ta naɗe zoben adasar da salatif don kada ya juya. "In ya juya, idon ya koma wani wuri, mun dawo farko." Ta sa na kafa karan dawa a ƙasa, taku biyu daga kyamara. Can nesa, a bakin magudanar ruwan gonaki, akwai turken wutar lantarki da ya shekara biyu ba ya aikin komai. Ta daidaita su a tsakiyar allo har karan ya rufe turken.

"Kai za ka juya, ni zan ja. Dama."

Na juya. Karan ya zame hagu, turken ya leƙo.

"Ya goce hagu. Muna gaba da yawa." Ta kwance ƙusa, ta ja kyamarar baya kamar faɗin yatsa biyu. "Sake."

Ya goce, amma kaɗan.

Ta ƙara ja. Na juya dama, sai karan ya zame dama.

"Kin wuce," na ce, kuma na ji daɗin faɗa.

"Na gani, ya Ustaz. Ina da ido."

"To ki dawo rabin abin da kika ja."

"Rabin nawa? Ka auna ne?"

Na shiga na ɗauko rular da nake zana taswira da ita. Daga nan muka daina faɗa da baki, muka koma faɗa da milimita. Gaba uku. Baya ɗaya. Rana ta hau, gumi yana ɗiga daga haɓata a kan katakon, Maijidda tana inuwar darbejiya tana cewa ita tun da take ba ta taɓa ganin zance irin wannan ba, mutum biyu suna kallon kara. 

A gwaji na goma sha ɗaya na juya dama har ƙarshen allo, karan yana rufe da turken. Na juya hagu har ƙarshe, yana rufe da shi. Sun tafi tare, sun dawo tare.

Sabah ta ce, "Bas. Nan ne." Ta miƙo mini fensir. Ni na ja layin a jikin katakon.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tunda na riga na fara tona kaina. Shekara biyu ban yi wani aiki da wani mutum ba har muka kai ƙarshensa. Na ji wani abu a ƙirjina, na kuma ji haushin jin sa.

Muka shiga ɗaki. Ta cire takalmi tun daga waje ba tare da an ce mata ba. Ta kafa mai ƙafa uku a tsakiya, ta ce tsayinsa nawa za a sa. Na ce daidai idon Ruqaya, na nuna a kafaɗata. Ta kulle haske, ta kulle nisa, ta ce hoto goma sha biyu a zagaye, kowanne ya ci kashi ɗaya cikin uku na wanda ya gabace shi, sannan na rufi da na ƙasa. "Daga yanzu duk wanda ya taɓa ƙafar nan ko wani kaya, ni da shi ne."

Taga. Keke. Angarib na farko. Muna zagayawa a bayan kyamara. Ta kalli rigar da ke cikin keke da silifas ɗin, ba ta ce Allah ya ji ƙanta ba, kuma na gode mata a zuciya, domin na ƙoshi da ta'aziyya.

Da muka zo kan dolab sai madubi ya nuna mu duka, har da Maijidda, wadda ta lallaɓo ciki don kada wani abu ya wuce ta. Sabah ta sa kyamara ta jira daƙiƙa goma. "Kowa ƙasa. Hajja, ke ma."

Muka durƙusa. Yayata, shekara sittin da biyar, jiki ba kaɗan ba, ta zube gaba ɗaya. Kyamara ta ɗauka. Muka miƙe, muka juya ta zuwa fatrina. Maijidda ta kasa tashi. Ta kai hannu za ta kama ƙafar gado.

"Hajja, kada ki taɓa angarib!"

"To in kama mi? Iska? Ɗiyan zamani, kun kwantar da ni ƙasa saboda madubi! Ɗayyabu, tsaye kake?"

Sai ta kama rarrafe zuwa ƙofa, tob yana bin ta, tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro hoto. Dariya ta ƙwace mini. Ba murmushi ba, dariya, irin mai fitar da haƙora. Sabah ma ta rufe baki da gefen tob, ta danna da ɗaya hannun.

Muka ƙarasa sauran. Da muka fito, Maijidda ta riga ta samu ƙafafunta, kuma ta ji dariyar. Ta sa hannu a baki ta rangaɗa guɗa, a tsakar gidan Hasina, a ƙofar ɗakin Hasina. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga.



"Ustaz," in ji Sabah, "ka bar mai ƙafa uku a inda yake. Zan duba su ɗaya-ɗaya a kwamfuta. In akwai wanda za a sake, sai a sake da la'asar."

"Babu abin da za a sake. Ki kwashe kayanki."

"Minti ashirin ne kawai…"

"Na ce ki kwashe. An gama abin da ya kawo ki. Nan ba gidan biki ba ne."

Ta dube ni kamar yadda nake duban yaron da ya san amsa ya ƙi faɗa. Ta shiga, ta naɗe mai ƙafa uku, ta ɗora katakon a kan tabarma. "Wannan naka ne, kai ka sa aka yi." Ta fita. Na kulle ɗakin, na gaya wa yayata maganganun da ba zan rubuta a nan ba.

Juma'a da safe, a shagon intanet, na tarar da saƙo biyu daga Sabah: hoton, da saƙon murya na daƙiƙa arba'in. Na buɗe hoton na ja da yatsa. Taga a miƙe. Keke cikakke. Angarib da ƙafa huɗu. Na tura wa Ruqaya nan take. Muryar ban saurara ba. Na ce ko neman sulhu ne ko gori, kuma ba ni da bukatar ko ɗaya.

Bayan sallar Juma'a mata suka zo, su tara. Abin da na tsare shekara biyu, sa'a ɗaya da rabi ya ɗauke su. Tsohuwar Hasina ta rungume wani shuɗin tob ta zauna a ƙasa, ta sa fuska a ciki, ta daɗe. A nan na san na zalunce ta, kuma ban samu bakin faɗa ba. Wata ta ɗauki silifas ɗin, ɗaya a kowane hannu. Aka fitar da fatrina da dolab. Ya rage bango da tabon inda kaya suka tsaya.

Da la'asar na koma kasuwa. Saƙonnin Ruqaya suka zubo a jere.

"Baba ya iso!!"

"Ina tsaye a ciki wallahi."

"Ga rigar 'yar gidan Gwaggo Hanaa a keke, ba ta gama ba."

"Ga takalminta. Baba ina ta kuka amma na daɗi ne. Allah ya saka maka."

Na zauna a kan bencin shagon. Na ce to, ko ba komai, wannan ɗaya na yi shi daidai.

Ƙarƙashinsu akwai tazarar minti goma sha tara. Sannan wani hoto, yanki da ta yanko ta ƙara masa girma, ta zagaye da jan layi. Ƙofar fatrina ce. Mun guje wa madubi, mun manta gilashi ma yana mayar da fuska. A kan kofunan Hasina, ga mace doguwa cikin tob ruwan toka, hannu a baki. Ga ni kusa da ita, baki a buɗe.

Sai a lokacin na danna saƙon muryar.

"Ustaz, kada ka tura tukuna. Mun fito a gilashin fatrina, laifina ne, ban lura ba. Hoto ɗaya ne. Ina da alamar inda ƙafafun suka tsaya, in ka buɗe mini ɗakin kafin azahar zan sake shi, minti biyar. Ko ka ba ni zuwa gobe in goge. Kada yarinyar ta gani haka."

Saƙon Ruqaya na ƙarshe ya shigo ina riƙe da wayar.

"Ban ga gawarta ba. Ɗakinta kawai na roƙa. Wace ce wannan, kuma me ya ba ka dariya a nan ciki?"

Na fara rubuta mata gaskiya, cewa Gwaggonta ce take rarrafe a ƙasa. Na sake duba yankin hoton. Maijidda tana ƙasa ta wajen ƙofa, a hagu. Fuskata a gilashin, dama take kallo, wajen Sabah. Na goge abin da na rubuta.

Wayar ta fara ƙara. Mai shagon da mutum huɗu da ke kan benci suka juyo suna kallona. Na bar ta ta yi ƙara har sau biyar, sannan na ɗauka.

Babu sallama.

"Sunanta, Baba," in ji Ruqaya.